Ranar da Merv Ya Sa Hularsa

A Barramook har yau akwai masu cewa Tarni ce ta kashe mana layin hula. Ba ita ba ce. Ina wurin, kuma ni ba na shan giya ranar wasa, saboda haka abin da idona ya gani shi zan faɗa.

Merv Kretschmer, kawun Tarni ɗin, shi ya kawo wasan faifai garinmu. Ya je Adelaide, babban birnin jiharmu, koyon gyaran injin ban-ruwa, ya dawo da farin faifan roba a ƙarƙashin kujerar a-kori-kurarsa, ya dinga jifan mutane da shi a bayan rumbun tantance lemo har muka gaji da kaucewa muka koyi cafewa. Duk Laraba da yamma, da 'yan kurket sun kwashe kayansu, fili ya zama namu. Bakwai nan, bakwai can, maza huɗu mata uku. Mai faifai a hannu ba ya gudu, sai dai ya jefa, wanda kuma ya cafe a gidan abokan karawa ya ci. Babu alƙalin wasa. In ka bugi hannun mutum, kai za ka faɗa da bakinka. Wannan ba mu muka ƙirƙira ba, haka ake yi ko'ina. Abin da yake namu mu kaɗai shi ne layin hula.

Ya samo asali ne lokacin da muka yi yawa. Masu baki da masu gudu sai su maƙale a fili, masu kunya su ƙare yammarsu a gefe suna tafi. Wata Laraba Merv ya tsayar da wasa ya ce kowa ya cire hularsa. Ya jera su a bakin fili, na maza layi guda, na mata layi guda, ya jefa lemo ɗaya a cikin kowace don kada iska ta kwashe. Duk lokacin da aka ci, maza huɗun farko da mata ukun farko su mayar da hulunansu ƙarshen layi su shiga, na ciki su fito. Dokar ke nan. Babu kyaftin da zai duba fuskarka ya ce kai shiga, kai jira. In kuwa ka ɗauki hularka ka sa a ka, to ka gama na yau, ko dai ka ji ciwo ko lokacin ba gonarka ruwa ya yi.

Harjit Gill, da yake rawani yake naɗawa, sai da ya je ya sayi hular kamun kifi musamman don layi, har ta tsufa a ƙasa bai taɓa gwada ta ba. Ta Glenys Obst mai faɗi ce, irin ta zuwa coci. Glenys ce mafi rauni a cikinmu, kuma ba ɓoyayyen abu ba ne, ita ma ta sani. Ta fara zuwa ne shekarar da mijinta ya rasu. Sai an jefa mata sau uku kafin ta riƙe ɗaya. Amma in hularta ta zo gaba, kai tsaye take shiga, ba ta kallon kowa, ba ta cewa ta gode, don babu wanda ya yi mata alfarma. Amfanin layin ke nan gaba ɗayansa.

Ban sake samun yammaci irin na waɗannan shekarun ba. Fararen aku suna ihu a kan bishiyoyin turare kamar ana yanka su, karnuka suna bin faifai, yara suna satar lemon cikin huluna ana korarsu. Lokacin tsinkar lemo baƙin ma'aikata sukan zo su tsaya kallo, sai Merv ya daka musu kira ya tambaye su ko suna da hula. In rana ta kusa faɗuwa famfunan filin su kunna kansu, su jiƙa mu sharkaf, babu mai barin wasa. Spiro Kondos, mai gonar inabi, shi ke gasa sosej da albasa a bakin rumfa, yana zagin duk wanda ya yar da faifai, har da matarsa. A lokacin gasar ƙasa ma ba ta da wani sharaɗi. In kun cika bas kun je. Mukan kwana a tanti, a lallasa mu a kowane wasa, mu rera wa waɗanda suka lallasa mu waƙa, mu dawo da murya a dishe. Sunan ƙungiyarmu Ƙudajen Lemo, don a yankinmu babu abin da aka tsana kamar su.

Sai wasan ya girma. Ƙungiyoyi suka yi wa gasar yawa, hukumar ƙasa ta ce dole a tace. Kowace jiha aka ba ta gurabunta, tamu biyu, sai kun yi wasannin share fage kun ci kafin ku je. Aka zo da inshora da rajista da riga mai lamba. Ban ce hukumar ta yi laifi ba. Mutanen kirki ne, aikin sa kai suke yi bayan sun tashi daga nasu aikin, kuma fili ba ya ɗaukar kowa. Amma tun da aka fara tacewa Ƙudajen Lemo ba mu sake leƙa gasar ƙasa ba. Kowace shekara mu je Adelaide, mu jera hulunanmu, a yi mana dariya cikin ladabi, mu dawo.

Tarni Pfeiffer, 'yar ƙanwar Merv, a filin nan ta tashi. Ta je jami'a, ta buga wa jiha, ta yi kwas ɗin koci na hukuma, ta dawo gida koyarwa muka naɗa ta kyaftin. Kyaftin a wurinmu aikinsa ya jefa kwabo a farkon wasa ya kuma tuna wa mutane su sha ruwa. Ta yi haƙuri shekara biyu. A taron shekara na uku, a rumfar fili, ana tsaka da rabon sosej, ta miƙe.

"Kawu, ni ba rigima nake nema ba. Mu biyar wani kulob na Adelaide ke kira, kuma yaran nan sun ce in ba abin da ya canza bana za su tafi. Shekara nawa muna zuwa neman gurbi muna dawowa da ƙunar rana kawai?"

"Ƙunar ma ai tsaraba ce," in ji Spiro.

"Me kike so?" Merv ya tambaye ta.

"A bar ni in riƙa kiran sunayen masu shiga. Ban ce ran Laraba ba. A gasa kawai."

"In kika fara a gasa, Laraba ma bi za ta yi. Za ki ce atisaye ne."

"Kowace ƙungiya a ƙasar nan haka take yi."

"Kowace ƙungiya a ƙasar nan ba ta da Glenys," in ji Spiro. Glenys tana shafa wa burodi bota, ta jefe shi da guntu ɗaya ba tare da ta ɗago ba.

Merv ya ajiye farantinsa. "To, ga mu nan duka, yarinya. Faɗi sunan wanda za ki fara zaunarwa."

"Kai, Kawu."

Rumfa ta kwashe da dariya. A lokacin Merv ya kusa sittin, in yana gudu sai ka ɗauka firiji ake turawa a kan tsakuwa.

"Jininka ce, tsoho," in ji Spiro. "Ba a sa mata birki ba."

Merv ya yi dariya tare da mu, amma kunnuwansa sun yi ja. Da aka lafa ya ce, "Ki ba ni gasa ɗaya. Bana mu je da layi yadda yake, ba a taɓa shi ba. Ki horar da mu yadda kika ga dama. In mun samu gurbi, layi ya zauna, ku ma ku zauna, kada in sake jin zancen. In mun faɗi, ki kira sunayenki, ni da hannuna zan kwashe hulunan."

Tarni ta ce ta yarda. Aka ɗaga hannu, aka wuce wurin.

A bakin mota na tare Merv na ce ya yi caca da abin da ba nasa ba. Layin na Glenys ne, na baƙin masu tsinkar lemo ne, na duk wanda bai iya ba.

"Col, kai komai sai ka mayar da shi huɗuba," ya ce. "Za mu ci. Ka jira ka gani."

Dole in yi wa Tarni adalci. Da tana son mu faɗi, hanya a buɗe take, sai ta naɗe hannu kawai. Ba ta yi ba. Duk lokacin sanyin nan ta ƙara mana ranar Lahadi, ta sa mu gudu a gangaren kogi har Spiro ya ce zai kai ƙararta wajen uwarta. Glenys kuwa ita kaɗai take ware wa rabin sa'a, tana jefa mata a hankali, tana cewa, "Hannu biyu, Anti Glen, kamar kina kama sauro." Abin ya yi amfani. Kafin Oktoba Glenys tana riƙe biyu cikin uku.

Ranar share fagen iska mai zafi ke busowa daga arewa, irin wadda ke juya faifai ta mayar wa mai jifa. Ƙungiyar da ta fi kowa a jihar ta yi mana kaca-kaca, wannan mun san da shi. Sauran muka ci su ɗaya bayan ɗaya, har mu ma muka fara mamakin kanmu. Da yammar Lahadi saura gurbi ɗaya, tsakaninmu da yaran jami'a. Wanda ya fara kai sha biyar shi zai je gasar ƙasa.

Suka yi gaba, muka kamo, suka sake yin gaba. Layi yana tafiya yadda ya saba. Wani zubin, wato daga ci zuwa ci, ya ba mu bakwai masu ƙarfi mu ci cikin minti ɗaya, wani zubin ya ba mu tsofaffi uku a lokaci guda mu sha wuya. Babu wanda ya yi gunaguni. Ina cikin fili lokacin da muka farke ya zama sha huɗu da sha huɗu. Muka fito muna haki, kowa idonsa a kan huluna.

Mu muka ci na ƙarshe, don haka mu za mu jefa musu faifai mu tsare gida. A irin wannan, kowa mutum ɗaya yake bi, kuma in akwai mai rauni a cikinku, nan za su yi ta aikawa. A layin mata Tarni ce gaba, sai wata yarinya mai gudu, sai Glenys. A layin maza ukun farko samari ne. Ta huɗu tsohuwar hular kaki ce mai tabon man inji, ta Merv. Ta biyar hular kamun kifi ce, ta Harjit, wanda ya fi kowa gudu a duk yankinmu.

Glenys ta sunkuya ta ɗauki tata ta kai ƙarshen layi ta shiga fili, kamar kowace Laraba. Samarin uku suka bi. Merv ya tsaya a kan tasa.

Na san lissafin da yake yi, kowa ma ya sani. In ya shiga, yaro ɗan shekara ashirin zai bi, za a jefa ta kansa, mu faɗi, gobe ya kwashe huluna da hannunsa yadda ya yi alkawari. In Harjit ya shiga, wataƙila mu ci, layi ya zauna.

"Kawu, lokaci," in ji Tarni daga cikin fili. "Layinka ne. Shigo."



"Tsoho, barci kake yi?" in ji Spiro. "Shiga ka tsorata su da tumbinka."

Merv ya sunkuya. Ya cire lemon ya ajiye a ciyawa, ya kaɗe hular a cinyarsa, ya sa a ka.

"Gwiwa ce," ya ce. "Ta tsinke min a zubin da ya wuce. Harj, je ka."

Ina kusa da shi. Na ce masa a hankali, "Merv, ajiye ta." Ko waiwaye bai yi ba. Harjit ya dube shi, ya dubi Tarni. Tarni ta taho har bakin layi.

"Ban roƙe ka wannan ba, Kawu."

"Na ce gwiwa ce. Kina so in karye a gabanki? Ku yi sauri, yaran nan suna jira."

A dokar layi wanda ya ji ciwo yana da ikon sa hula, kuma a wasanmu maganar mutum ake ɗauka. Babu mai cewa ƙarya kake. Harjit ya mayar da hularsa baya ya shiga.

Zubin bai yi tsawo ba. Yaran jami'a ba wawaye ba ne, nan take suka gano Glenys. Yarinyar da take bi ta yi kamar za ta dawo, ta juya ta zura da gudu, ta bar Glenys a baya nesa. Aka aika mata doguwar jifa. Harjit ya bar nasa mutumin, ya ratsa fili, ya yi tsalle ya doke faifan ƙasa ana saura kaɗan ya shiga hannunta. Tarni ta ɗauka. Jifa huɗu, babu wadda ta bi ta wajen Glenys, Harjit ya cafe a gidansu.

Na yi ihu kamar kowa, ba zan ce ban yi ba. Spiro ya yi kuka da hawaye. Da muka yi da'ira bayan wasa, mu da su kafaɗa da kafaɗa kamar yadda ake yi, kyaftin ɗinsu ya ce bai taɓa ganin abu mai kyau kamar layin hularmu ba, zai ba hukuma labari. Merv yana tsaye da hula a kansa yana kallon ciyawa. Da aka watse na ga ya ɗauki kular ƙanƙara cike, shi kaɗai, ya kai mota. Ɗingishin ya manta da shi a fili.

Tarni ta cika alkawari. Yaran suka zauna, ba ta sake tayar da zancen kiran suna ba. Bayan 'yan makonni muka cika bas muka nufi gasar ƙasa a jihar Victoria, da hulunanmu da buhun lemo. Labarinmu ya riga mu isa. Mutane suna zuwa ɗaukar hoton layin. Wata mata daga hukuma ta zo ta girgiza hannun Merv ta ce irin wannan ne ruhin wasan.

Wasan farko aka cinye mu da nisa, layi ya tafi lafiya. Na biyu ya yi zafi, muna kunnen doki ana dab da tashi. Hular Glenys ta zo ta biyu. Ta je ta tsaya a kanta, ta cire lemon, ta sa hular a ka.

"Kaina ke juyawa," ta ce. "Rana ce."

Ranar akwai hadari, har da yayyafi. Yarinyar da ke bayanta ta shiga, muka ci wasan. Kafin wasa na gaba Glenys ta mayar da hularta layi, ta ce kan ya sake ta.  Washegari Spiro ma ya sa hularsa, ya ce ƙugunsa ne, ya yi dariya ya ƙifta ido. Matarsa ta bi. Wani mai gyaran taya da ya shekara goma bai taɓa tsallake zubinsa ba, na ga yana satar kallon samarin nan kafin ya taɓa hularsa, yana karanta fuskokinsu. Su kuwa tsayawa kawai suka yi suna jira.

Merv ya tare Glenys a wajen tankin ruwa. Ina cika gorata, na ji komai.

"Glen, me kike yi haka?"

"Shan ruwa."

"Kin san abin da nake nufi. Kanki lafiya lau. In hularki ta zo, ki shiga. Don irinki aka yi layin."

"Don irina." Ta rufe gorarta. "Merv, ran nan a Adelaide na shiga fili ina murna. Na juyo sai na gan ka da hula a ka. Ni kaɗai ce ban san ana haka ba. Kai mai hankali ka ja baya don ƙungiya, ni uwar son kai na tsaya a tsakiyar fili kamar wadda ta zo biki ba gayyata. Yarinyar ta wuce ni, kowa ya gani. Da Harj bai kai ba fa? Wa za a ce ya kayar da mu?"

"Babu wanda zai ce komai."

"Ai shi ne. Ba za su ce ba."

"Gwiwata ce ta..."

"Haba, Mervyn. Tun muna firamare na san ka."

Bai ƙarasa ba. Ta ɗauki gorarta ta tafi.

Ya yi ƙoƙarin gyarawa, wannan ma dole in faɗa. A wasan yamma abokan karawa suna gabanmu da ci ɗaya, hularsa ta zo ta uku. Ya ɗauke ta da ƙarfi don kowa ya gani, ya kai ƙarshen layi, ya shiga fili yana buga ƙirji. Aka jefa ta kansa, aka ci mu, muka faɗi. Da ya fito aka yi masa tafi, ana cewa sannu, tsoho, ka yi ƙoƙari. Shekara ashirin babu wanda aka taɓa yi wa sannu don ya shiga zubinsa. Tafin nan shi ya nuna min abin ya riga ya lalace. Shiga ta zama abin da ake yafe maka, fita ta zama abin da ake gode maka, kuma mutum mai kunya ba zai daɗe yana zaɓar a yafe masa ba.

Ranar ƙarshe muna da wasa ɗaya, na tantance matsayi, tsakanin na sha ɗaya da na sha biyu. Muna jera huluna Glenys ta riƙe tata a hannu ba ta ajiye ba.

"Tarni, zo," ta ce. Ba ta rage murya ba. "Ki kira sunaye."

"Anti Glen, mun yi alkawari. Mun samu gurbi, layi ya zauna."

"Ya zauna a ina? Jiya ban ci abincin kirki ba ina lissafin yaushe ya kamata kaina ya yi ciwo. Na gaji da ƙarya, ni ba yarinya ba ce. Gara ki dube ni ki ce ba ke ba. Wannan aikinki ne, zan iya jin haushinki in huce. Amma kullum ni in riƙa faɗa wa kaina, ba zan iya ba."

"Nima ƙugun nan nawa ya gaji da ciwo," in ji Spiro. Ba a yi dariya ba.

Mai gyaran taya ya ce shi ma ya fi son haka. Matar Spiro ta gyaɗa kai. Samarin suna gefe suna ɗaure takalman da suka riga suka ɗaure. Ku lura, babu ɗaya daga cikin masu ƙarfi da ya nemi a soke layi a ranar. Waɗanda aka yi shi dominsu su suka nema.

Tarni ta juya wajen kawunta. "Ni ba zan karya ba sai ka ce."

Merv ya daɗe yana kallon hulunan da aka fara jerawa. Sannan ya bi su ɗaya bayan ɗaya yana ɗauka, yana miƙa wa kowa tasa.

"Kira," ya ce.

Ta kira bakwai.  Babu Merv, babu Glenys, babu ni. Daga baya da muka yi nisa da ci ta sa mu duka, kowa ya ɗan taɓa. Muka ci wasan, muka zo na sha ɗaya a ƙasa, matsayin da Barramook ba ta taɓa mafarkinsa ba.

Tun daga nan kusan kowace shekara Ƙudajen Lemo suna zuwa gasar ƙasa. Tarni koci ce mai adalci, yanzu ma tana cikin kwamitin hukuma, kuma ita ta matsa aka ƙirƙiro rukunin tsofaffi. Laraba ta zama atisaye, da mazugi da usur. Baƙin masu tsinkar lemo sukan tsaya a bakin waya su yi kallo su wuce. Glenys ta ƙara kaka ɗaya, daga nan ta koma ƙungiyar mawaƙan coci. In mun haɗu a kanti mukan gaisa, ba ma zancen faifai.

A bas ɗin dawowa daga waccan gasar ni na zauna kusa da Merv. Samari suna baya suna waƙa. Mun wuce iyakar jiha kafin ya yi magana.

"Da na shiga ran nan, da mun faɗi."

"Da mun faɗi," na ce.

"Da na kwashe hulunan tun a Adelaide. To mene ne bambancin, malam mai huɗuba? Ko ta ina dai layin ya tafi."

"Da an karɓe shi ne a hannunka, kowa yana gani. Glenys za ta ce an yi mata ƙwace, ta yi fushi, ta zo taro baɗi ta ɗaga hannu a dawo da shi. Ni ma haka. Abin da aka ƙwace ana iya nemansa. Yanzu wa zai nema? Ka sa ta roƙa da bakinta a zaunar da ita."

"Don su na yi, Col."

"Na sani. Ba ka tambaye su ba."

Ya juya yana kallon gonakin alkama ta taga. Can Tarni ta taso daga baya tana dafa kujeru, ta tsuguna a gefensa ta ce direba yana tambaya ko a tsaya a gari na gaba a ci abinci ko a wuce.

"Ke ce kyaftin," ya ce. "Ki faɗa masa."